Prisca a Kotun Manya

Sylvanus ya goge rigar da 'yarsa Prisca za ta sa zuwa kotu da hannunsa, har sau biyu. Matarsa Perpetua tana kallonsa, tana cewa a ranta samun uba irinsa sai an tona.

Mako uku ke nan da hatsarin. Ranar Lahadi da la'asar, shi da Prisca suna dawowa daga bikin suna a garin McLeansville, motar ta kauce a titin Gate City Boulevard ta buge wani dattijo ɗan Nijar, Malam Laouali, yana fitowa daga shagon kayan miya. Ƙugunsa ya karye. Da 'yan sanda suka iso, Prisca suka tarar a gaban sitiyari, da ƙyar ƙafarta ke kaiwa birki. Aka sa ta hura na'urar gwajin giya, na'urar ta nuna giya kaɗan, wadda ƙawayenta suka ɗanɗana mata a wurin bikin. Shekararta sha shida. A dokar jihar, ko kurɓi ɗaya laifi ne a kanta.

Sylvanus bai yi mata faɗa ba ko sau ɗaya. A coci ya miƙe ya roƙi a sa ta a addu'a. Washegari ya koma tuƙin tirela, don da lasisinsa gidan ke ci. Duk wanda ya zo jaje, amsa ɗaya yake ba shi: kotun yara ce, nasiha za su yi mata su rufe takardun, ba wanda zai sake jin zancen.

Prisca kuwa ta daina cin abinci tare da su.

A barandar kotu lauyar da gwamnati ta ba ta ta yi musu bayani. Dokar da ta mayar da 'yan shekara sha shida da sha bakwai kotun yara ba ta haɗa da laifin tuƙi ba. A gaban alƙalin manya za ta tsaya. In aka same ta da laifi, tabon zai bi ta har makarantar koyon jinya da take buri.

Perpetua ta nemi benci ta zauna. Sylvanus ya kai hannu kafaɗar 'yarsa, ta janye.

Aka kira sunan Prisca. Ta dubi ubanta, ta yi magana da Hausa don kada lauyar ta gane.

"Baba, ka ce kotun yara ce. Da na sani, da ban karɓi kujerarka ta direba ba."