Baba, Me Ya Ce?

Tun ranar da rediyo ya ce an raba jiharsu biyu, ya san akwai matsala. Mai noman rani ya sani, in aka raba ruwa, gonar da ke ƙarshe ce take bushewa.

Bagwari ne, ya zo Kadawa, a jihar Kano, haƙar hanyar ruwa, ya zauna noman tumatir. Da tsokanar maƙwabta ta ishe shi, sai ya hana yarensu a gida, don 'yarsa ta tashi da Hausa tsantsa. Yanzu ta ci jarrabawar makarantar jinya, saura takardar shaidar asali, kuma ranar Litinin za a rufe karɓa.

Ya ɗauke ta suka shiga neman takardar. A Kano aka ce, "Malam, ai kai baƙo ne, nemi jiharku."

A sabuwar jiha, inda ƙauyensu ya faɗa, magatakarda ya yi dariya. "Gwari a nan? Baba, ku gangara kudu, can danginku suke."

A tsohuwar jiha kuwa ya tarar da abin da bai taɓa gani ba: Bagwari ɗan'uwansa a kujerar ofis, don rabon ya ba su baki. Hawaye ya cika masa ido. Jami'in ya dubi yarinyar, ya gaishe ta da yarensu.

Ta juyo. "Baba, me ya ce?"

Jami'in ya rufe bironsa. "Yayana, ai wannan Bakanuwa ka kawo mini."

Ranar Juma'a suka dawo Kadawa. Har yanzu bai san jihar da zai rubuta mata ba.