Ƙaiƙayin Ƙafar Kawu

Bayan la'asar ne, a zauren gidanmu na Fagge. Kawuna, wanda ya rasa ƙafar hagu a yaƙin Bama, yana zaune kan tabarma yana gumi.

Ya ce, "Ɗan nan, sosa mini babban yatsa. Tun safe yake a lanƙwashe."

Na kama na dama.

"Ba wannan ba. Ɗayan."

Na duba, babu komai sai wando a ninke. Ya roƙe ni kada in kira kowa, gudun a ce ya taɓu. Sai na riƙa sosa tabarma, daidai inda ƙafar za ta kasance.

Ya kalli hannuna, ya yi ajiyar zuciya. "Ƙasa kaɗan."

Yanzu na yarda yana jin ta. A ranar, dariya nake dannewa.