Ƙosan Murja da Littafin Kyauta

"Littafi kyauta? Kawo mai kaurin nan!" Murja mai ƙosai ta fizge shi daga hannun malamar lakwal, wato makarantar boko, tana dariya. "Karatu ai aikin marasa sana'a ne."

Ta riƙa yage shi shafi-shafi tana ƙunshe ƙosai. Kafin mako layi ya kai bakin titi, matan unguwar Banikanni sai rububi suke. Murja ta fara hura hanci, wai duk Parakou babu mai hannunta.

Ran nan ta hura wuta da ragowar littafin, ta koma takardar siminti. Safiyatu, 'yar maƙwabciyarta, ta buɗe ƙunshin, ta jujjuya, ta mayar mata.

"Inna, ina ƙarshen labarin? Yara na gida suna jira. Ƙosan naki ai kaji muke zuba wa."