Maɗori da Direban da Ya Zo Aron Tsani

Tunda ka ce kyamarar nan ta kan hanya ba ta da aiki sai tatsar direbobi, zauna in ba ka wani misali, in ka ji sai ka yanke hukunci da kanka.

An yi wani dattijon maɗori a wani ƙauye da babban titi ya ratsa, daidai inda gangara ta ƙare kasuwa ta fara. Motoci kan sauko da gudu kamar an koro su. Da wuya a ci kasuwa biyu a jere ba a kawo masa wani a kan ƙyaure ba, mai karayar cinya ko ta haƙarƙari. Waɗanda suka fi ƙarfin ɗori kuwa, sai dai a wuce da su maƙabarta. Ana nan sai hukuma ta kafa dogon ƙarfe a bakin gangarar, ta ɗora kyamara a kai. Duk motar da ta wuce ƙa'idar gudu sai ta ɗauki lambarta, takardar tara ta iske mai ita har tasha. Direbobi suka tsane ta, don ba ta jin magiya, ba ta karɓar na goro, ba ta kuma tashi cin abinci. Wanda ya fi kowa jin haushi wani direban bas ne mai sawu uku a rana, wanda ta kama sau biyu cikin wata guda. Wata safiya ya zo gidan maɗorin da buhu a hammata, ya ce a ara masa tsani, zai hau ya rufe mata ido. Tsohon bai hana shi ba. Ya ce tsanin yana ɗakin majinyata, ya shiga ya ɗauko. Direban ya san ɗakin sarai, don shekara uku da suka wuce ya yi kwana arba'in a ciki da ƙafa ɗaure cikin kara, yana jin nishin mutum shida a gefensa. Ya tura ƙofa, sai ya tarar da tabarmi a naɗe an jingine su, dammunan gero sun cinye rabin ɗakin, kaza na kwanci a kusurwa. Ya ce, "Baba, ina mutanen?" Tsohon ya ce, "Tun da aka kafa ƙarfen nan mutum huɗu na ɗora. Biyu daga kan mangwaro suka faɗo, ɗaya jaki ya harba. Ɗaya ne kaɗai na titi." Direban ya juya ya fita ba tsani.

Ba wai daga ranar ya fara son kyamarar ba. Kullum ya iso gangarar sai ya ja tsaki kafin ya ɗaga ƙafa daga totur, sawunsa ma wani lokaci ya koma biyu. Da damina ta yi nisa, ran wata kasuwa, yana saukowa da mutum goma sha takwas sai tayar gaba ta fashe. Motar ta karkata ta bar kwalta, ta kutsa cikin gonar dawa ta tsaya, taku kaɗan kafin rumfunan masu kayan miya. Fasinjoji suka fito da ƙafafunsu suna salati. Wata mata ce kawai ta riƙe hannu tana hawaye. Direban ya kai ta wurin maɗorin. Tsohon ya lalubi hannun, ya ce targaɗe ne, ya ja shi, ya shafa mata man shanu, ya ce ta je ta ci kasuwarta. Kafin la'asar kuwa ta sayar da gyaɗarta, ta kama hanyar gida wurin 'ya'yanta.

To ka ji. Ba a banza Hausawa suka ce in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira ba.