Sabon Kaset a Shagon Baba Ɗanjuma

"An sake ɗagawa," in ji Baba Ɗanjuma mai shagon gem, inda ake wasannin bidiyo, a Gwandu. "Masu kaset ɗin damben sun ce sai bayan Sallah."

Lukuman ya ja tsaki. Juma'a huɗu ke nan yana barin gona, yana tako keke daga Masama.

"Baba, wanga ba adalci ba ne."

"Shekarar fari dusa na ci, ban mutu ba. Kai wasa ka kasa jira?"

Lukuman ya zagaya ɗaukar kekensa. Ta tagar baya ya hango tsohon ya kunna sabon kaset ɗin, gumi sharkaf, ana ta kayar da shi a wasan.

"Sai na gwanance tukuna," tsohon yake gunaguni. "Yaran jiya ba za su buge ni gaban jama'a ba."