Layi Dubu Uku

"Kika ce me?" Gwani ya juyo da kujerarsa yana yatsina fuska.

Sabuwar ma'aikaciyar ta nuna allon kwamfutarsa. "Yallaɓai, layi dubu uku ne a dunƙule. Da ka raba shi ƙananan sassa, kowanne da sunansa da aikinsa, a riƙa kiransa in an buƙata, da kowa ya iya karantawa."

Ya ja tsaki. Shekara tara yana rubuta manhajar nan, yau yarinyar da ta zo jiya ce za ta koya masa aiki?

"Duk ofishin nan ni kaɗai nake gane ta. Ke je ki ci gaba da yayyanka naki kamar albasa."

Bayan wata shida shugaban sashe ya yi ritaya. Gwani ya ɗinka sabuwar riga, ya shiga wurin manaja yana murmushi.

Manaja ya ce, "Ita muka ba kujerar. Aikinta kowa zai iya ɗauka ya ci gaba. Kai kuwa in muka ɗaga ka, wa zai karanta naka? Zauna inda kake, Gwani. Ai kai kaɗai kake gane ta."