Kafinta da Teburin da Ya Sunkuya

Kafin ka je ka sami mutumin nan da kake zargi da maganar da ke bakinka, zauna ka ji wani misali.

An yi wani kafinta, gwanin ƙofofi, wanda in ya haɗa katako biyu sai ka shafa da hannu ka rasa inda suka haɗu. Yana da injin gyara gefen katako, irin mai teburin ƙarfe biyu da wuƙa tana juyawa a tsakaninsu. Ka ɗora katako a kan na gaba, ka tura ya bi ta kan wuƙar, na baya ya karɓa. Sharaɗin injin ɗaya ne: teburan nan su miƙe kan layi guda. In ɗaya ya sunkuya, ko da kaurin farce ne, duk katakon da ya bi ta kansa da lanƙwasa zai fito. Wata shekara mutanen unguwa suka ba shi aikin ƙofar sabon masallacinsu, suka sa ranar buɗewa. Ya je wurin dattijon da ya shekara ashirin yana sayar masa da katako, ya ɗauko maɗaci. Ya gyara gefuna, ya jera su, sai ga tsaga a tsakiya, haske yana ratsowa. Ya ce katakon ɗanye ne. Ya mayar, aka canza masa ba musu. Na biyun ma haka ya yi. Ran nan sai ya loda katakon a amalanke har kasuwa, ya zube shi a bakin rumfar dattijon, ya ɗaga murya kowa na ji: "Alhaji, in da tsufanka za ka fara ha'inci, kada ka fara da ni." Dattijon ya dube shi ya ce, "Allah ya huci zuciyarka. Amma ka duba injinka." Kafinta ya ji wannan kamar zagi. Shi da injin ya shekara goma sha biyar a hannunsa bai taɓa ba shi kunya ba?

Ya tafi wata rumfa ya zaɓo katakon da ya bushe ƙamas, yana ƙwanƙwasa kowane ɗaya da kansa. Ya bi da shi ta injin, ya jera. Tsagar nan tana nan, a daidai inda take. Saura kwana huɗu a buɗe masallaci. Ya daɗe a tsaye, don yanzu ba sauran wanda zai ɗora wa laifi. Sannan ya ɗauko doguwar rula ta ƙarfe, ya kwantar da ita a kan teburan biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Can ƙarshen teburin baya ga haske siriri. Nan ya tuna da daminar da ruwa ya shigo rumfarsa, aka ja injin zuwa tudu, kuma tun daga ranar bai sake auna shi ba. Ya kwance ƙusoshi, ya tarar garin katako ya cakuɗe da tsohon mai ya daskare a ramin da teburin ke zama. Ya kankare, ya wanke da kananzir, ya yanko ɗan falle daga gwangwanin madara ya cusa inda ƙarfen ya cinye. Ya ɗaure, ya auna, ya sassauta, ya sake aunawa, har hasken ya ɓace. Ya shafe teburan da kakin zuma. Duk aikin bai kai shi azahar ba. Da ya bi da katakon, gefuna suka haɗe kamar da ma jiki ɗaya ne.

An kafa ƙofa a kan lokaci, jama'a suka yi ta sa albarka. Washegari da sassafe, kafin kasuwa ta cika, ya je rumfar dattijon ya cire hula ya ce, "Alhaji, ka yafe mini. Katakonka lafiya lau yake, teburina ne ya sunkuya." Dattijon ya matsa masa wuri a kan benci, ya ce, "Ni na yafe tun ranar. Sai dai waɗanda suka ji ka ran nan, wa zai bi su gida-gida ya gaya musu?" Kafinta ya sunkuyar da kai.

Shi ya sa Hausawa suka ce, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.